Delu da Randar da Ba Ta Shan Ruwa

Ni Ramlatu, gyaɗa nake soyawa in ɗura a kwalba in sayar a bakin titin Zango, kuma duk wanda ya ce muku bakina ba ya hutawa bai yi mini ƙazafi ba. Amma yau ba zancen kaina zan yi ba. Zancen Yaya Delu ne, maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da nata tun ina amarya, da yadda ta kusa rasa tanderun da ta gina da hannunta a azumin bara. Mace mai taurin kai irinta ban taɓa gani ba. Ina faɗa a bayanta, ina faɗa a gabanta, ita kuwa ko a jikinta.

A Mirya aka haife ta, gidan magina tukwane. Uwarta maginiya ce, kakarta ma haka. Tun ba ta iya ɗaura zani ba take taka yumɓu, kuma ta ce abin da ta fara sani a duniya shi ne ƙamshin sabuwar randa in an zuba mata ruwan farko. Aure ya kawo ta Damagaram, gidan Yakuba mai ga-ruwa, bawan Allah mai sanyin hali, wanda in ka ji ya ɗaga murya to tallan ruwa yake. Da ta zo ba ta ajiye sana'a ba. Daga Mirya ake kawo mata ƙasa a buhu, ta yi gini a bayan ɗaki, in sun bushe ta kai bayan gari ta jera, ta rufe da kara da busasshen kashin shanu ta cinna wuta, kamar yadda ta ga ana yi a gidansu. A wancan lokacin ba a kai amarya ɗaki a unguwarmu babu randar Delu a bayan ƙofa.

Sai bido ya shigo, jarkar robar nan mai ruwan ɗorawa. Kun san halin ruwa a garin nan, ba sai na faɗa muku ba: famfo sai ranar da ya ga dama, ruwa kuwa saye ake. To ka sayi ruwa ka zuba a randa da yamma, da safe ka buɗe ka tarar ya sauka, yashin da ke ƙarƙashinta sharkaf. Mata suka ce randa tana shan ruwa, bido kuwa abin da ka ba shi shi zai mayar maka. Abin haushin, bidon nan da ya kashe wa Delu kasuwa shi mijinta yake jerawa a kura yana turawa, da shi ake cin tuwo a gidan.

Wata Alhamis ta kai randuna kasuwa, ta dawo da su cif yadda ta kai su. Na leƙa ta katanga na ce, "Yaya, an yi ciniki?"

"Wata ce ta tsaya," in ji ta. "Ta ƙwanƙwasa, ta yaba, sannan ta ce, 'Baiwar Allah, ni in sayi ruwa, randa ta sha?' Ramlatu, gaskiya ta faɗa. Sai na gina randar da ba ta shan ruwa."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "To Allah ya ba da sa'a. In kin gama ki gina mini murhun da ba ya cin itace." Ba ta taya ni dariyar ba.

Ni ce dai na jawo wa kaina, don ni na haɗa ta da Alkasum. Alkasum mai yankan gilashin taga ne, ya yi zaman Yamai, a can ya ga yadda ake narka kwalba a yi duwatsun wuya. Yakan zo wurina ya kwashe kwalaben da suka fashe, ni kuma in huta da shara. Rannan ina ba shi labarin haukar Delu don mu yi dariya tare, sai na ga mutumin ya ɗauki zancen da gaske. Ya ce ai in aka daka kwalba ta zama gari, aka shafa wa tukunya, aka sa ta a wuta mai ƙarfi, garin zai narke ya zame mata fata, ruwa ba ya ratsawa. Sai dai wutar kara a fili ba za ta kai ba, sai an gina tanderu rufaffe. Ashe Delu tana bayan katanga tana ji. Kafin ya rufe baki ta zagayo, ko mayafi ba ta gyara ba.

Saura wurin da za a gina. Alhaji Bukar, tsohon ɗan kasuwar fata, Babarbare, yana da kango a bayan masallacin unguwa inda a da ake shanya kirgi. Delu ta je ta durƙusa ta roƙa. Alhaji mutum ne da bai taɓa yarda da ruwan firigo, wato firiji, ba, ya ce ciwon ƙirji yake sa masa, don haka da ya ji zancen randa ne sai ya ce, "Ya Delu, je ki yi aikinki. Amma aro na ba ki, ba kyauta ba." Ita ta buga tubalin, ita da Alkasum suka ɗora, Yakuba yana kawo ruwan kwaɓi in ya gama zagayensa. Tanderun ya fi ni tsawo, kuma ba abin da za a ɗauka a kai wani wuri ba ne. In an ce a tashi, sai dai a rushe.

Kafin shekara ta zagayo kangon ya cika da mutane. Matan unguwa da ba su taɓa riƙe yumɓu ba suka zo koyo. Waɗansu suna yin kofuna da kasake, waɗansu suna zaune wajen Alkasum suna zuba garin kwalba a ƴan ramukan da ya fafe a tubali, a gasa, su fito da duwatsun wuya koraye da masu ruwan zuma. Ran Asabar ƴan lakwal, yaran makarantar boko, kan zo su ɓata mana yumɓu su tafi. Mutane suka sa wa wurin suna atiliye, wato wurin aikin hannu. Delu ba ta iya koyarwa da baki ba, sai dai ta kama hannunki ta ɗora a kan nata, in kin yi ba daidai ba ta rushe ginin ta ce, "Sake." Ni aikina dakan kwalba a turmin ƙarfe, da tsumma ɗaure a hanci, ina daka ina mita.

Kofuna suka yi, duwatsu suka yi, randa ta ƙi. Fitowar farko fatar ta yi ƙuraje kamar mai ƙazuwa. Ta biyu ta tsattsage. Ta uku garin ko narkewa bai yi ba, da ka shafa sai ya zube. Aka yi ta haka har na daina ƙirgawa. Alkasum ya ce wuta ce ba ta kai ba, in kuma aka ƙara, randar kanta za ta lanƙwashe. Rannan sai ga Delu da dunƙulen kanwa ƙulle a bakin zani. Ta ce, "Abin da ke sa wake ya nuna da wuri, ba zai sa kwalba ta narke da wuri ba?" Na ce, "Yaya, ki ƙara albasa da barkono mana." Ba ta kula ni ba. Ta jiƙa kanwarta, ta kwaɓa da garin kwalba da ɗan yumɓu, ta shafe randa ciki da waje.

Wallahi da aka buɗe tanderun nan sai da na rangaɗa guɗa. Randa koriya shar, tana ƙyalli, har kana ganin fuskarka a jikinta. Yakuba ya cika ta, Delu ta tsoma kara ta yi masa alama daidai bakin ruwan. Washegari ruwa yana nan inda yake, yashin ƙasa a bushe ƙamas. Muka ɗebo da moɗa muka sha, sanyi har haƙori. Delu ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ta ce ina ma innarta tana raye. Ku riƙe wannan: tsakiyar ɗari ne, lokacin da muke kwana da bargo.

Daga nan ta duƙufa gini. Waɗanda aka gasa duk a bushe aka jera su, don wa zai zuba ruwan saye a randar da ba ta da mai ita tukuna? Ta farkon da ta yi kyau ma juye ruwan aka yi, aka ajiye ta don nuna wa baƙi.

Ana cikin haka sai ga maganar Nazir, babban ɗan Alhaji, mai baburan da yake ba samari suna kabu-kabu. Ba mugun yaro ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. So yake a rushe tanderu a yi rumfunan gyaran babur a kangon. Ya ce samari da yawa za su ci abinci a wurin, randa kuwa zamaninta ya wuce. Alhaji ya sa aka kira Delu, na raka ta.

"Ya Delu," in ji Alhaji, "yaron nan ya dame ni, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ga azumi ya zo cikin zafi. Ki kai randunanki ƙofar masallaci a yi buɗa-baki da ruwansu. In mutane suka karɓe su, kango naki ne ke da matan nan, zan faɗa a gaban shaidu. In suka ƙi, bayan Sallah Nazir ya kawo maginansa."

"Na yarda, Alhaji," ta ce, ko numfashi ba ta ja ba.

Ranar farko ta azumi rana ta buɗe kamar da gayya. Delu ta turara randunan da kajiji, Yakuba ya cika su tun hantsi a inuwar masallaci, aka rufe da sababbin faya-fayai. Masu wucewa sai tsayawa suke suna kallo, wani har ya ce ko daga ƙasar waje aka kawo su. Ta farkon nan kuwa Delu ta cika ta a atiliye, ta ce da ruwanta ni da ita za mu buɗe baki.

Ladani ya kira salla. Na ɗebo, na yi bisimilla, na kafa kai. Jama'a! Ruwan wankan jariri. Na haɗiye don dole, na dubi Delu, ita ma moɗa tana bakinta, idanu a waje. Daga can ƙofar masallaci muka ji wani ya ɗaga murya, "Kai, wa ya ɗora ruwan nan a wuta?" Sai dariya ta tashi. Mutumin da ya wuni da ƙishi a zafin Damagaram ba ya yafe irin wannan. Washegari aka dawo mana da randunan a kurar Yakuba, shi ya turo su da kansa, kai a sunkuye. A gurbinsu aka ajiye bido da ƙanƙara. Ƴan kabu-kabu in sun wuce sai su rage gudu su ce, "Inna Delu, a ba mu shayi!"

Na ji kunya, na ji haushi, kuma ban ɓoye mata ba. Na ce, "Shekara da shekaru ina dakan kwalba har ƙirjina yana ƙara, ashe butar shayi muke ginawa!" Rabin matan suka ɗauke ƙafa. Ni dai na ɗauki ɗaya daga cikin masu ƙyallin na kai gida na zuba man gyaɗa, don a nan kam ba ta da aibu.

Abin da ya fi damun Delu ba dariyar ba ce, rashin sanin dalili ne. A gidansu an taso ana cewa sanyin randa daga ƙasar Mirya yake, baiwa ce Allah ya yi wa ƙasar, zufar da randa ke yi kuwa aibu ne da aka haƙura da shi. Haka uwarta ta faɗa mata, haka ita ma ta faɗa mana. To ga ƙasar Mirya, ita ce dai ba wata ba, ina sanyin ya tafi? Ta zargi kanwa, ta zargi wuta, har ni ta zarga, wai ko na haɗa da kwalaben masu sayar da esansi, man fetur, a bakin titi. Sai da muka kwana biyu ba mu gaisa da kyau ba.

Wata la'asar ina gidansu ina tsintar gyaɗa, Yakuba ya shigo a gajiye. Yana da ɗan bido nasa na sha da ya ɗinke a cikin buhun algarara, irin yadda direbobin manyan motoci ke yi. Ya kamfaci ruwa da hannu ya yayyafa wa buhun, ya rataye shi a reshen dogon yaro inda iska ke bi. Kullum haka yake yi tun da na san shi, ba wanda ya taɓa kulawa.

"Malam," in ji Delu, "me ya sa kake jiƙa buhun nan?"

"In ya bushe ai ruwan zafi yake yi."

"In yana jiƙe fa?"

"Sanyi mana. Iska ta sha na waje, na ciki ya huce. Ke ma in kin yi gumi iska ta buso, ba sanyi kike ji ba?"

Delu ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce, "Ashe zufar ce sanyin. Ni kuma na bi ta na toshe." Yakuba ya dube ni, na dube shi. Bawan Allah bai ma san abin da ya faɗa ba.

Na ce, "To shi ke nan, magana ta ƙare. In ta yi zufa ta sha ruwa, in ba ta yi ba ta yi zafi. Mu kwashe kayanmu tun Nazir bai kore mu ba."

"Ara mini randar surukarki," ta ce.

Tsohuwar randa ce da uwar mijina ta bari, Delun ce ma ta gina ta. Washegari ta ɗora ta kan duwatsu, ta cika, ta tura tasa a ƙarƙashi, ta zauna a gabanta tun safe, da azumi a bakinta, kamar mai jinya. Da azahar ta kira ni. "Taɓa jikinta, nan tsakiya." Na taɓa. Danshi ne kawai mai sanyi, yana fitowa iska tana ɗaukewa. "Dubi tasa." Ruwa ya taru a ciki, gindin randar yana ɗiga ɗis, ɗis.

"Kin gani?" in ji ta. "Na tsakiya zufa ce, na gindi fitsari ne. Wanda ke tafiya cikin yashi ba ya sanyaya komai, asara ce tsagwaronta. Zufar zan bar mata, fitsarin zan hana ta."

Allah ya taimaka akwai randunan da ta gina suka bushe ba a kai ga shafa musu ba. Ta shafa wa gindinsu garin kwalba ciki da waje, ta shafa wa baki don kar moɗa ta riƙa gutsure shi, ta bar tsakiya tsirara. Saura wuta. Alkasum ya ce a bari sai an yi buɗa-baki a kunna. Ta ce a'a. Da zafi mutanen unguwa a waje suke kwana, kuma tun farko ta yi musu alkawari ba za ta turnuƙe su da hayaƙi suna barci ba. Ba za ta karya alkawari ba don kawai ta shiga uku. Da rana za a yi, daga asuba har faɗuwar rana.

Na ce ba da ni ba. Na rantse ba da ni ba. Da hantsi sai ga ni ina miƙa itace, don na kasa zama a gida ina hango hayaƙin. Ban san ƙishi ba sai ranar. Ga rana a sama, ga wuta a gaba, miyau ya ƙafe har magana ta gagare ni, kun san kuwa abin ya kai. Leɓen Delu ya tsage, rigarta ta jiƙe ta bushe ta bar farin gishiri a baya. Alkasum ya ce, "Inna, je ki inuwa ki ɗan huta, zan riƙe." Ta ce, "In na zauna ba zan tashi ba."

Da tanderu ya huce aka buɗe, duk sun tsage daidai inda shafin ya ƙare. Duka, ko ɗaya ba ta tsira ba. Na zauna a kan turmi na ce, "Yaya, don girman Allah ki haƙura." Ta ɗauki tsingaro tana jujjuyawa. Ta ce shafin ne ya yi kauri a gaɓar, sai a riƙa sirantar da shi yana hawa har ya ɓace. Sannan ta dube ni ta ce, "Akwai sauran gari a turmin?" Da ina da ƙarfi da na jefe ta da taɓarya.

Aka sake. Wannan karon waɗansu daga cikin matan da suka gudu suka dawo, ba don sun yarda da randa ba, don dai sun ji kunyar a ce tsohuwa tana bakin wuta su suna kwance. Goman ƙarshe ta shiga lokacin da aka buɗe. Sun fito lafiya, amma kyau kam babu: kore a ƙasa, kore a baki, ja a tsakiya. Na ce mata sun yi kama da mutumin da ya sa hula da takalmi ya manta riga. Ta ce, "Ba kallo za a yi ba, sha za a yi." Aka cika ɗaya ta wuni a zafi, tasa a ƙarƙashi. Da magariba tasa ko ɗigo babu, ruwan ya ɗan sauka kaɗan abin da bai kai a yi magana ba. Na sha. Na ƙara. Sanyin nan mai taushi ne, wanda ke sauka har ƙasan ciki ba ya sara kai. Ban ce mata komai ba, kar kanta ya ƙara tauri.

Muka je masallaci. Ladani ya karɓe mu da mutunci, ya ce wurin ya cika, a bari sai baɗi. Ban ga laifinsa ba. Alhaji kuwa yana kwance ba lafiya tun tsakiyar wata, ba a shiga wurinsa. Delu ta ce, "Hanya ai ta kowa ce." Ta kafa randa a ƙofar atiliye, a inuwa, bakin hanya, Yakuba ya cika ta sadaka. Ƴan kabu-kabun nan masu neman shayi su suka fara sha, don magariba a kan titi take riskarsu, ba su da zaɓi. Na farko ya sha, ya tsaya, ya ƙara, sannan ya sunkuya ya leƙa ciki ko an ɓoye ƙanƙara. Na ce, "Ɗan nema, ga shayin naka." Ba a daɗe ba sai da aka fara layi, mata suna aiko tambaya ko akwai ta sayarwa. Sai dai Sallah tana matsowa, wanda ya yi alkawarin kuma bai san ana yi ba.

Dab da Sallah Nazir ya zo da magini da igiyar awo. Ya gaida Delu har ƙasa ya ce, "Inna, ba ƙiyayya ba ce. Sharaɗi aka yi, kuma kin ga yadda ta kasance."

"Auna, ɗana," ta ce. "Sallah dai ba ta zo ba."

Suka yi ta ja suna sa alama da alli, har a jikin tanderu, ni kuwa ina zaune zuciyata tana tafasa. Awon ya ja su har aka kira salla. Delu ta ɗebo ruwa ta miƙa masa da hannunta.

Ya sha. Ya riƙe moɗar bai mayar ba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba ba ya shan na firigo, na bido kuma ya ce ɗumi gare shi. Da ƙyar muke samu ya kurɓa. Inna, ko za ki ara mana ɗaya?"

Washegari da safe Delu ta ɗora randa a ka, ta ƙi yarda a sa ta a kura, muka tafi. Aka kafa ta a ɗakin Alhaji kusa da taga, aka cika. Da la'asar aka ce mu shiga. Alhaji ya rame ƙwarai, sai da gabana ya faɗi. Ya miƙa hannu ya dafa jikin randar, ya bar hannun a nan. Nazir ya tallafo kansa ya ba shi. Ya shanye moɗa guda, abin da suka ce bai yi ba tun da ya kwanta. Ya dubi Delu ya ce da Barbarci, "Wushe, sannu, Ya Delu. Ruwan gidanmu ke nan." Ina jira ya ambaci kango, ina jira ya ce a kira shaidu, har ina zungurin Delu da gwiwar hannu ta yi magana. Ta ƙi. Idonsa ya rufe, barci ya ɗauke shi.

A hanya na balbale ta da faɗa. Ta bari sai da na gaji, sannan ta ce, "Mutum yana wannan hali in tambaye shi fili? Ya sha ruwa, Ramlatu."

Bayan Sallah da ƴan kwanaki Alhaji Bukar ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bai faɗi komai a gaban kowa ba. Kango ya zama na magada, sharaɗin da aka yi kuwa masallaci aka ce, kuma masallaci ya mayar. Alkasum ya tattara ƙarafansa, mata suka kwashe duwatsun wuyansu, ni na ɗaure turmina da igiya ina jiran mai kura. Delu kuwa kullum sai ta zo ta share gaban tanderu, ta wanke moɗa, ta ga an cika randar bakin hanya. Na ce mata tana share wa masu gyaran babur wuri ne, ta ce to, su ma ai ba za su so datti ba.

Bayan addu'ar bakwai sai ga Nazir, shi kaɗai, ba magini. Ya tsuguna a gaban Delu, ta yi masa gaisuwa, ni ma na yi masa.

"Inna," ya ce, "randuna nake so irin ta Baba. Zan kafa a ƙofar gida, da ƙofar masallaci, da tashar ƴan kabu-kabu. Duk mai wucewa ya sha, Allah ya kai masa lada."

"Amin," in ji Delu. "Sai dai waɗanda suka fito duk sun tafi gidajen mutane. Sababbi sai an gina, sai an kunna tanderu."

Nazir ya juya ya dubi tanderun. Alamar allin da magininsa ya yi tana nan a jikinsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tashi ya sa tafin hannu ya goge ta.

"To a kunna, Inna."

Delu ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Kwance turmin nan, Ramlatu, gari ya ƙare." Na kwance, ina mita, hawaye yana zubo mini.